Dutsen Da Ya Ɓoye Arzikinsa A Hamadar Atakama

A cikin watan Maris na shekarar 1981 na'urar huda ƙasa ta ci karo da jan ƙarfe a hamadar Atakama, arewacin ƙasar Cile. Sai da ta ratsa wajen mita 240 na dutsen da ba shi da abin a zo a gani, sa'an nan ta tarar da arziki. Wurin ne ake kira Escondida, watau ɓoyayya, mahaƙar da ta fi kowace fitar da jan ƙarfe a duniya.

Da a ce mai hannun jari ya ga rahoton waɗannan mitoci na farko, da ya sayar ya gudu. Amma masanin duwatsu David Lowell da abokan aikinsa ba adadi kaɗai suke dubawa ba, har da launi. Irin wannan ma'adini, wanda ake kira fofiri, yakan zauna hawa-hawa kamar albasa, kamar yadda Lowell da John Guilbert suka bayyana a 1970. Daga waje dutse kore ne. In an matsa ciki sai ya koma fari, cike da firit, mai ƙyalli kamar zinariya, alhali kuwa ƙarfe ne da farar wuta kurum. Can tsakiya, inda dutse ke da ruwan hoda da baƙin digo-digo, a nan ne jan ƙarfe ya fi taruwa.

To, me ya wanke saman Escondida? Ruwan sama ne na miliyoyin shekaru da suka wuce. Ya haɗu da firit ya zama ruwa mai cin dutse, ya narkar da jan ƙarfen ya gangara da shi ƙasa, ya jibge. Abin da ya bari a sama sai tsatsa ja, wadda ita ce shaidar abin da ke kwance.

Saboda haka kamfanin da ya zo yana tutiya da 'yan mitoci biyar masu nauyin ma'adini, lalle a yi hattara da shi. Irin wannan mahaƙa da yawan dutse take cin riba, don sau da yawa jan ƙarfen bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai a tambaye shi tsawon abin da ya huda, da zurfinsa, da kuma hawan da ramin ya tsaya. Ga kuma jira: Escondida kanta ba ta fara fitar da kaya ba sai 1990.