Zanen da teku ke sharewa

Yara, ƙasarmu ba ta da teku, saboda haka bari mu fara da halinsa. Ruwan teku ba ya tsayawa wuri guda. A yawancin gaɓoɓi, sau biyu a kwana yakan ciko, sau biyu ya janye, kuma jan wata ne babban dalili. Tsakanin janyewa da cikowa akwai wajen awa 6. In ruwan ya ja baya, sai ya bar fili mai faɗi na rairayi mai danshi, sumul kamar allon da aka wanke. A kan wannan fili ne wasu mutane ke zane.

Akwai Andres Amador, mutumin San Faransisko ta Amurka, wanda ya soma a 2004. Kayan aikinsa manjagara ce. Inda ya ja ta, jiƙaƙƙen rairayi yakan fito sama, ya fi na gefensa duhu, sai zane ya bayyana. Akwai kuma Simon Beck na Ingila. Da can taswira yake zanawa. Yana aiki a gaɓar Brean, inda a wasu ranaku ruwa kan hau fiye da mita 10. Kafin a jima, teku ya dawo ya shafe kome.

Mutane da yawa suna cewa wannan wahalar banza ce. Ni ban yarda ba.

Ku dubi yadda ake aikin. Mai zanen yana tsaye a cikin zanensa, ba ya ganin sa duka. Dole siffar ta kasance cikin kansa, ya fitar da ita da awo. In da'ira yake so, sai ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya kewaya. In bai sake tsawon igiyar ba, ya bi bakin da'irar yana awo da ita, sau 6 daidai zai auna ya komo inda ya tashi. Ga siffa mai kusurwa 6 ta samu, daga ita kuma tauraro. Amma in igiyar ta saki da taƙi ɗaya, awon ƙarshe ba zai haɗu da na farko ba. Ba shi da abin gogewa, ko sawunsa ma yana nan, ga ruwa yana matsowa. Wanda ya iya wannan ya iya lissafi fiye da wanda ya hardace shi a littafi.

Sa'an nan bakin teku na kowa ne. Mai zanen bai zuba fenti ba, bai gina kome ba. Da safe masunci zai tarad da wurin yadda ya san shi. Wanda ke sassaƙa sunansa a jikin icce ko dutse ba zai iya faɗin haka ba.

Abin da ke damuna shi ne hoto. Daga tudu ake ɗaukar sa, ko da ƙaramin jirgi maras matuƙi, don daga sama ne kawai siffar ke cika. Hoton na da kyau, kuma ta hanyarsa ne mu na nesa muka san aikin. Sai dai ba ya nuna turke, ba ya nuna awo. Mai kallo zai yaba, amma ba zai koyi yadda ake yi ba.

Shi ya sa na fi son dabarar mutanen Banuwatu, tsibiran da ke tekun Fasifik. Da yatsa ɗaya suke zane a rairayi, layi guda mai lanƙwashe-lanƙwashe, ba tare da ɗaga yatsa ba. A 2003 UNESCO ta sa wannan al'ada cikin gadon ƴan Adam. Su ma zanensu gogewa yake, amma yaro ya riga ya ga inda yatsa ya fara da inda ya bi, gobe shi zai zana.

Igiya da turke muna da su, rairayi kuwa cike da filin makarantarmu. Ku gwada da'ira mai faɗin mita 4, ku auna bakinta sau 6, kafin iska ko awaki su wuce ta kai.