Wuya Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Shago

A aji ɗaya malaminmu ya koya mana cewa karin sauti ne ya raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Ni da na koyi Hausa da girmana, na haddace wannan ne don jarrabawa kawai. Sai a shekarar 2023 kalmomin biyu suka haɗu a kaina.

Ni ɗan Aba ne ta Jihar Abiya. Sana'ar gidanmu ɗinkin takalma, kuma shagonmu yana kusa da kasuwar Ariaria. Tun da idon mahaifina ya yi rauni, ni ne mai yanka fata, ni ne mai lissafi, ni ne kuma mai magana da dillalan Kano masu aiko mana da fata, saboda ina jin Hausa. Ran nan na ɗauko kaya a kan acaɓa, muka faɗi. Hoto ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙashin wuya na 5 da na 6 ya fito ya danne jijiya, shi ya sa hannuna na dama ya mutu, almakashi ma ya gagare ni. Likita ya tsaga ta gaban wuya, ya cire guringuntsin, ya haɗe ƙasusuwan biyu da ƙarfe.

Ya kai mai karatu, ƙasusuwan wuya guda 7 ne, su ke ɗauke da kai mai nauyin kimanin kilo 5, ta cikinsu kuma laka ta bi. Bayan irin wannan aiki ƙashi yakan ɗauki watanni kafin ya haɗe sosai. An sa mini abin tallafe wuya, an hana ni ɗaukar kaya mai nauyi da yawan sunkuyo, ga haɗiya da ƙyar a kwanakin farko. To, ina mai yanka fata, ina daina sunkuyo?

Mako uku da aiki, ga odar takalman makaranta ta taso. Na saci jiki na zauna a teburin yanka. Kafin la'asar ciwo ya dawo har kafaɗa. Mahaifina ya karɓe almakashin, ya ce, "Ɗana, oda in ta tafi wata za ta zo. Wuyan nan fa babu na sayarwa a kasuwa." Odar ta tafi kuwa, mai ita bai sake dawowa ba.

Ra'ayina shi ne, abin da ya jawo mana wannan asara ya girmi haɗarin acaɓa. Mun ɗora shago kacokan a kan mutum ɗaya. Awon ƙafar kowane mai saye yana kaina, bashin da muke bi yana kaina, lambobin dillalai suna wayata. Haka yawancin shagunan gado suke, na kafinta ne, na walda ne ko na tela. Maigida ya kwanta, shago ya kwanta, sai mara lafiya ya tashi tun bai warke ba.

Na san abin da wasu za su ce: in ka koya wa yaron shago komai, gobe sai ya buɗe nasa ya kwashe maka masu saye. Gaskiya ne, yana faruwa. Amma a tsarin koyon sana'a na Ibo, ai dama sallamar yaro da jari ita ce ƙarshen zamansa. Tunda tafiya zai yi, gara ya ƙware tun yana hannunka, ya riƙe ka ranar da ka faɗi. Mu dai dole ta sa muka yi hakan. Ina kwance ina faɗa, ƙanwata tana rubuta awo da bashi a littafi. Babban yaron shagonmu ya karɓi yanka, ya ɓata fata kaɗan, daga baya hannunsa ya faɗa. Ni kuma aikina ya koma waya da duba lissafi.

Sai batun kuɗi. Don biyan asibiti muka sayar da keken ɗinki ɗaya, wato mun sayar da abin da zai biya bashin. A shekarar 2022 aka sa hannu a dokar NHIA wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya, amma a layinmu ban san mai sana'a ko ɗaya da ya shiga ba. Ƙungiyoyin masu sana'a suna karɓar kuɗin taro da na biki. Me zai hana su yi wa mambobinsu rajista a ƙungiyance?

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu shagon gida ne ke biya mana kuɗin makaranta. In an tafi hutu, a sayi littafi a zauna da iyaye a rubuta abin da ke kansu. Wanda kuma aka yi wa aiki, ya bi maganar likita, domin sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.