Ra'ayinmu: A Ba Mata Gonakin Gadonsu, Ƙofar Ƙungiyoyin Manoma Za Ta Buɗe Musu

Duk wanda ya san ƙasar Gumel a lokacin kaka, daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, ya san cewa mata ne ke ɓare zoɓo, su ne kuma ke sheƙe riɗi har ya fita tas. Amma idan buhuna suka isa Maigatari, ko aka yi lodinsu zuwa Kano domin fitarwa zuwa ƙasashe irin su Meziko da Japan, sunan da ke cikin littafin ƙungiyar gama-kai, wanda ake bai wa iri da taki da rance, galibi na namiji ne.

Matsalar ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. A Kenya, ƙungiyoyin manoman gahawa sun daɗe suna yi wa mai bishiyoyi rajista, alhali matarsa ce ke tsinkar 'ya'yan, kuɗin kuwa ya faɗa asusun miji. Tushen abin ɗaya ne: wanda ba a san shi da gona ba, ba a ƙirga shi cikin manoma.

Nan ne ya kamata Musulmi ya yi wa kansa hisabi. Aya ta 7 da ta 11 na Suratun Nisa'i sun yanka wa mace rabonta a cikin abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, kuma gona tana cikin abin da ake gada. Aure ma bai mayar da dukiyar mace ta zama ta mijinta ba. Duk da haka, a gidaje da yawa ana barin gona a gandu da sunan kada a wargaza zumunci, 'yan'uwa maza su ci gaba da nomawa, ita kuwa a sallame ta da 'yan kwanonin gero idan an yi girbi. Wannan cin haƙƙi ne, ko da an lulluɓe shi da kunya da kawaici. Ranar da ƙungiya ta tambayi mace ina gonarta, ba ta da abin nunawa sai gayaunar aro.

Shinge na biyu shi ne takardu. Shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya bi ta hannun ƙungiyoyi, ya kuma buƙaci asusun banki da lambar BVN. Matar ƙauye da ba ta da ko ɗaya ta fita tun kafin a fara. Na uku shi ne tsoron riba, wanda tsoro ne na halal, kuma fiƙihu ya tanadi mafita a cinikin salam da murabaha, ga shi bankin Jaiz yana aiki ba da kuɗin ruwa ba tun 2012. Na huɗu, taron da ake yi a dandali bayan isha'i ba wurin matar aure ba ne.

Tarihinmu ya riga ya nuna hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tsara 'Yan Taru, inda jajis ke kai ilimi ga mata har ƙauyukansu ba tare da an keta haddin sutura ba. Makarantun Islamiyya na matan aure suna iya zama mazaunin ƙungiyoyin mata zalla, masu shugabanni da ma'aji daga cikinsu, da rana tsaka.

Muna kira ga limamai su ɗauki rabon gadon gona a matsayin darasin huɗuba, hakimai da dagatai na masarautar Gumel su ƙi shaida cinikin gonar da ba a fitar da rabon mata ba, ƙananan hukumomi huɗun kuma su sauƙaƙa wa mata samun takardar mallaka, ikon da Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba su a karkara. Ɗalibai kuwa su tambayi gida: gonar kakanmu, an raba ta?

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu.