Gas a bakin lungu: ni da uwargida wa ya fi gaskiya?

'Yan uwa mazauna Yerwa, ko in ce Afuno, kamar yadda masu gari ke kiranmu.

Yau wata uku ke nan muna ja-in-ja da uwargida a kan wani shagon ɗura gas da aka buɗe a bakin lungunmu, tsakanin mai ƙosai da mai walda. Ita ta dage sai na tara mazan unguwa mun je wurin Bulama. Ni kuma na ce, "Haba Hajiya, bawan Allah abincinsa yake nema, kuma mu da muka zo cin arziki ina mu ina kai ƙarar ɗan gari?" Sai ta ce, "Malam, kai da safe kake ficewa kasuwa sai magariba. Ni da yaran nan ne ke wuni muna shaƙar warin."

Wallahi shiru na yi. Da can ina ɗauka tsoro ne irin na mata, amma da na zauna na yi tunani sai na ga lissafi ne. Namiji in ya kalli inji ko tanka, ciniki yake gani. Mace kuma gida take gani, da wanda za ta yi jinya. Ku tuna Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Maza ne ke haƙo duwatsun zinaren, amma a cikin gida ake daka su, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Ribar ta tafi aljihu, ƙurar ta zauna a ɗaki. Haka a Majiya ta jihar Jigawa, daren 15 ga Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi, jama'a suka fito kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. To ku gaya mini, a ƙauyen Hausa wa ke fita da jarka tsakar dare? Kuma wa ya rage da marayu?

Sai dai ba maganar namiji da mace ce kaɗai ba, har da garin da mutum ya tashi. Akwai wani maƙwabcina a kasuwa, mutumin Delta ne. Shi ko warin fetur ya ji a kwata sai ya rufe shago, muna ta yi masa dariya. Ashe labarin Jesse ne bai bar shi ba, inda bututun mai ya kama da wuta a 1998 ya cinye kimanin mutum 1,000. Bakano na Sharaɗa ko Chalawa kuwa, ruwan da masana'antun jima ke zubarwa shi ne damuwarsa.

Mu fa? Mu tun 2009 kunnenmu ƙarar bam da bindiga kaɗai ya sani. Duk abin da bai zo da bindiga ba, ba ma sa shi a lissafin haɗari. Ban ga laifinmu sosai ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Amma muna can muna kallon tsumma, Kasuwar Monday ta ƙone a Fabrairun 2023. Sannan ga madatsar ruwa ta Alau a kan kogin Ngadda. Ambaliyar 1994 ta gargaɗe mu, shekara 30 muka mance da ita, sai ga ranar 10 ga Satumban 2024 ta ɓalle. Ruwa ya ci Gwange, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun dajin Sanda Kyarimi bai bari ba. A daren nan wanda ya fi kowa jarumta a majalisa ma da ɗan kamfai ya fito.

Jiya na tuntuɓi mutum huɗu a masallaci bayan la'asar. Biyu sun ce a bar wa Allah, ɗaya ya ce shi ma a shagon yake ɗura nasa, na huɗun ya ce zai raka ni in dai ni ne zan yi magana. Da na koma gida na tarar uwargida ta riga ta haɗa matan gida bakwai, har da Barebari uku, sun ce ranar Asabar za su je wurin matar Bulama. Mai waldan nan dai har yanzu tartsatsinsa na kaiwa ƙofar shagon.