BAƘAR GIYA BA MAGANI BA CE

Wasu mashaya a Agege suna yaɗa cewa wai baƙar giyar Guinness tana ƙara jini, har sukan zuba mata madara don ta yi zaƙi. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Baƙinta na gasasshen sha'ir ne. Barasar da ke cikinta kashi 7.5 cikin ɗari ce, ta ɗara ta farar giya, mai kusan kashi 5. Madara kuwa ba ta mayar da haram halal. Mahauci ko ɗan dako da ya baro Kano ko Sakkwato don ciyar da iyali, in ya ɗauki kwalba magani, hantarsa da aljihunsa ne za su biya. Wajibi ne Sarkin Hausawa da limaman Agege su tsawatar.