Malfar kaboyi da jirgin wasa: abin da mai tebur zai koya

A Amurka akwai dattawan da ba su rabuwa da abu ukku: lofe a baki, malfar kaboyi a ka, da ƙananan jiragen ƙasa na wasa da suke tarawa a gida. Wani zai ce aikin banza ne. Mu dai ciniki muka hango.

Malfar nan John Stetson ya soma yin ta a birnin Filadelfiya a 1865, da gashin dabba, mai faɗin baki don tare rana da ruwa. Makiyayi ya saya sau guda, ya shekara da shekaru yana sawa. Shi ya sa har yau ake kiran irinta da sunansa.

Jiragen kuwa, kamfanin Lionel da aka kafa a New York a 1900 ya fara ƙera su ne don masu kanti su aje a taga, su jawo hankalin masu wucewa. Sai mutane suka ce jirgin suke so a sayar musu.

To, ƴan kasuwa da iyayenmu mata, ga darasi biyu. Kaya mai ƙarko shi ke maido mai saye. Kyakkyawan jere kuma shi ke tsai da shi gaban tebur. Muna da masu saƙa malfar kaba, muna da dukawa masu yi mata ado da fata. Mu sa aikinsu a gaba, mu bar ɓoye shi bayan huluna masu arha da ba su ganin ƙarshen damina.

Lofen kam a bar musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara.