Intel ko AMD? Ma'aunin da Ya Dace da Manazarcin Hausa a Dutsin-Ma da Kurfi

Gabatarwa

A farkon kowane zangon karatu akwai tambayar da take yawo tsakanin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, har da malaman sakandaren Kurfi da suka koma neman babban digiri: wace kwamfuta ya kamata a saya, mai Intel ko mai AMD? Galibin masu tambayar buƙata biyu gare su. Suna son na'urar da za ta ɗauki aikin kundi da rana, ta kuma ɗauki wasan ƙwallo da dare. Amsar da suke samu kuwa daga bidiyoyin YouTube take fitowa, inda masu gwaji a Amurka da Turai suke auna na'urori a ɗakuna masu sanyi, da wutar da ba ta ƙiftawa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a tsakiyar Jihar Katsina sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe da ya cancanci a duba. Yawan wutar da na'ura take sha, da juriyarta ga zafi, da shekarar da aka ƙera ta, su ne a gaba. Haka kuma sassan nazarin Hausa suna da hakkin shiga wannan magana, domin kuɗin da ɗalibi ya yi asara a wajen sayen kwamfuta, daga kuɗin bincikensa aka cire shi.

Abin da Ake Gardama a Kansa

Ɗan ƙaramin sashen da yake aiwatar da lissafi da umarni a cikin kwamfuta, 'yan kasuwa suna kiran sa firosesa, wasu kuma suna cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta. A nan za a kira shi masarrafi. Kamfanoni biyu na Amurka ne suka mamaye kasuwarsa a kwamfutocin da suke aiki da Windows: Intel da aka kafa a 1968, da AMD da ya biyo baya a 1969. Intel ya daɗe yana jan zarensa, har zuwa 2017 da AMD ya fito da jerin Ryzen, gasar ta dawo sabuwa.

Misalin da aka fi kafawa a 'yan shekarun nan shi ne na masarrafai biyu da suka fito a 2023. Ryzen 7 7800X3D na AMD yana da cibiyoyin aiki 8 kacal, amma an ɗora masa babban rumbun ajiya na kusa mai megabait 96, wanda yake sa bayanan wasa su zo masa da sauri. Core i7-14700K na Intel kuwa cibiyoyi 20 gare shi, don haka ya fi ƙarfi a ayyukan da ake iya rarrabawa, kamar tace bidiyo. Hukuncin masu gwaji a taƙaice shi ne: mai wasa ya ɗauki na farko, mai aiki ya ɗauki na biyu. Hukuncin daidai ne a inda aka yanke shi. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauko shi ɗungurungum aka kawo Dutsin-Ma.

Wuta da Zafi

Intel da kansa ya bayyana cewa 14700K yana iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi. An ƙiyasta wa 7800X3D wat 120, kuma a wasa ba kasafai yake kaiwa nan ba. Idan aka haɗa na Intel ɗin da katin hoto matsakaici mai shan wat 200 da allo, na'urar za ta doshi wat 500. Ƙaramin janaretan da ɗalibai suke haɗa kuɗi su saya, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, kuma da shi ake kunna fanka da cajin wayoyi. Na'ura mai wat 500 da ta yi awa 6 tana aiki ta sha kilowat-awa 3. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai wat 45 a wannan tsawon lokaci ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba.

Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da kuma ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, lokacin da aka mayar da kilowat-awa ɗaya naira 225 ga masu rukunin A. Waɗanda ba sa cikin wannan rukuni suna biya ta wata hanyar, wato ta fetur da batir da faifan sola. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki a duhu sakamakon lalacewar manyan layukan dakon wuta. Wanda ya mallaki kwamfutar da ƙaramin faifan sola zai iya ciyarwa ya ci gaba da rubutu a waɗancan kwanaki. Mai babbar na'urar tebur kuwa sai dai ya lulluɓe ta da zane.

Sai batun zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a Katsina yakan haura digiri 40. Masarrafi yana da iyakar zafin da yake ɗauka, wanda a yawancin na Intel digiri 100 ne, kuma da ya kusanci iyakar sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace. Ke nan saurin da aka auna a ɗaki mai digiri 22 ba lallai ne a same shi a ɗakin kwanon da ke bayan kasuwar Kurfi ba. Ƙurar hunturu ma tana toshe kafofin iska, fanka ta yi ta ƙugi ba tare da ta sanyaya komai ba. Mutum ya biya kuɗin gudun da yanayin garinsu ba zai bar shi ya mora ba.

Akwai kuma darasin garanti. A 2024 Intel ya amince cewa wasu manyan masarrafansa na tebur, zubi na 13 da na 14, suna samun tangarɗa saboda yawan ƙarfin lantarki da suke nema, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Mai saye a Landan ya amfana da wannan. Wanda ya sayo nasa a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, bayan ya bi ta hannun dillalai uku, da wuya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Me Manazarcin Hausa Yake Yi da Kwamfuta?

Kafin a zaɓi jaki, sai an san kayan da za a ɗora masa. Babban aikin ɗalibin Hausa shi ne rubutu, da haruffa masu ƙugiya da alamomin karin sauti, ta hanyar manhaja irin Keyman. Mai nazarin furuci yana amfani da Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka samar a Jami'ar Amsterdam, don auna karin sauti da tsawon wasali a Katsinanci ko wani karin harshe. Mai adabin baka yana buƙatar ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, domin jera rubutu daidai da muryar mai tatsuniya ko maroƙi. Mai harhaɗa ƙamus yana da FieldWorks, mai ƙididdigar kalmomi yana da AntConc, mai nazarin ajami kuma yana adana hotunan rubuce-rubucen hannu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da take buƙatar cibiyoyi 20. Masarrafi mai cibiyoyi 4 zuwa 6 da yake shan wat 15 ya ishe su. Abin da yake sa kwamfutar ɗalibi ta riƙa tafiyar hawainiya galibi ƙarancin ram ne da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Ram mai gigabait 16 da ma'adanar SSD sun fi canza rayuwar mai kundi fiye da kowane suna da aka manna a jikin na'ura.

Idan aka sauko kan masarrafai biyu da ɗalibi zai iya cin karo da su a kasuwa, kamar Core i5-1135G7 na 2020 mai cibiyoyi 4 da Ryzen 5 5500U na 2021 mai cibiyoyi 6, za a ga na AMD ya ɗan fi a aiki mai yawa lokaci guda, a ɓangaren hoto kuma sun yi kusan kunnen doki. Bambancin bai kai na lafiyar batir ba. Idan farashi ɗaya ne, wadda batirinta ya fi daɗewa, kuma ake iya ƙara mata ram, ita ce abar ɗauka, ko tambarin wane kamfani ne a jikinta.

Tarkon Suna a Kasuwar Kayan Hannu

Yawancin ɗalibai kwamfutar hannu suke saya, wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka, musamman bayan faɗuwar darajar naira daga Yunin 2023. A wannan kasuwa ne suna ya fi yaudara. Mai shago zai ce wannan Core i7 ce, waccan kuma i5 ce, mai saye ya ɗauka bakwai ta fi biyar. Alhali Core i7-7500U na zubi na 7 cibiyoyi 2 gare shi, Core i5-8250U na zubi na 8 kuwa yana da 4, ga shi duka wat 15 aka ƙiyasta musu. Ƙaramin sunan ya fi babban aiki nesa ba kusa ba.

Zancen bai tsaya nan ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma, in aka cire 'yan kaɗan, ba ta karɓar masarrafan Intel da suka gaza zubi na 8, ko na AMD da suka girmi jerin Ryzen 2000. Kwamfutocin da ofisoshin Turai suke sallamawa saboda wannan dalili, kasuwannin Afirka ta Yamma na daga cikin wuraren da suke sauka. Ɗalibin da bai san karanta lambar da take bin sunan ba, cinikin biri a sama yake yi, kuma a cikin wannan na'ura zai zuba hirarrakin da ya yi wata da watanni yana tattarawa.

Hujjojin Masu Ja

Za a iya cewa an raina buƙatar mai wasa. Ba a raina ta ba, domin hutu hakki ne, kuma wasannin kwamfuta sun zama fagen da ake ƙirƙirar sababbin kalmomin Hausa da suka cancanci nazari. Sai dai mai wasan ma gardamar ta ɓatar da shi. Wasan EA Sports FC 24, magajin FIFA, mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne tsohon masarrafi irin Core i5-6600K, amma tare da katin hoto mai zaman kansa kamar GTX 1050 Ti. Ashe katin hoto ne ƙashin bayan wasa. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai irin wannan kati tana da tsada, tana da zafi, batirinta kuma ba ya jimawa. Wanda ya nemi jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya yakan ƙare da na'urar da ba ta gamsar a wasa ba, ba ta kuma kai shi ƙarshen lacca. Biyan kuɗin awa ɗaya a gidan wasan PlayStation ya fi masa sauƙi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Nazarin Hausa yana shiga zamanin ƙirƙirarriyar basira. Manhajar Whisper da OpenAI ya fitar a 2022 ta sanya Hausa cikin harsunan da take mayar da maganarsu rubutu, ko da yake har yanzu da sauran gyara, ga kuma ayyukan ƙungiyoyi irin Masakhane da HausaNLP. Irin wannan aiki yana son na'ura mai ƙarfi, kuma babban samfurin Whisper yana neman katin hoto mai kusan gigabait 10. Gaskiya ne, amma wannan nauyi ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi ɗaya, ko wane masarrafi ya zaɓa. Wasu za su ce a yi aikin ta intanet a manyan na'urorin kamfanoni. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da nasu, aka yi watanni a haka. Binciken da ya dogara kacokan a kan intanet yana iya tsayawa cik a rana ɗaya.

Nauyin da Ke Kan Sassan Hausa

Mafita ita ce a raba aikin gida biyu. Ɗalibi ya mallaki kwamfuta mai sauƙin shan wuta don aikin yau da kullum. Sashe kuma ya mallaki babbar na'ura ɗaya ko biyu, masu katin hoto mai ƙarfi, a ɗaki mai sola da sanyi, inda za a riƙa yin aiki mai nauyi bi da bi. A irin wannan ɗaki ne gardamar cibiyoyi 8 da 20 take da ma'ana, kuma buƙata ce da ta dace a gabatar wa asusun TETFund.

Na biyu, ya kamata kowane sashe ya fitar da takardar shawara mai shafi ɗaya, da Hausa, ga sababbin ɗaliban babban digiri: kada a sayi abin da ya gaza zubi na 8 ko Ryzen 2000, a nemi ram mai gigabait 16 ko wadda za a iya ƙarawa, a tabbatar da SSD, a gwada batir a gaban mai shago, a kuma ware kuɗin faifan ajiya na waje don kwafin kundi.

Na uku ya shafi harshen kansa. Kalmar ƙwaƙwalwa tana ɗaukar ma'anar masarrafi a bakin wani, ta ɗauki ma'anar ram ko ma'adana a bakin wani, kuma a cikin wannan ruɗani ne ake cutar mai saye. Tun 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. Sassan kwamfuta ma suna jiran irin wannan hidima daga masana.

Kammalawa

Intel da AMD za su ci gaba da tsere, wanda ya yi gaba bana yana iya komawa baya baɗi. Abin da ba ya saurin canzawa shi ne zafin Afrilu a Dutsin-Ma, da tsadar fetur, da nisan mai gyara daga Kurfi. Manazarcin da ya auna zaɓinsa da waɗannan zai sami na'urar da za ta raka shi har ranar kare kundi, ragowar kuɗin kuma ya sayi rakoda mai kyau, ya biya kuɗin motar zuwa wurin tsofaffin da yake son naɗar muryoyinsu tun suna raye.